Digiri 7 a gwiwata ta dama

Shekara 33 na yi ina aikin safiyo kafin in yi ritaya. Na auna gonaki da filayen makarantu da hanyoyin karkara, na kafa turaku a dazukan da mota ba ta shiga. Ranar da maigidana ya fara damƙa mini na'urar awo mai ƙafa uku, abin da ya ce mini shi ne kuskuren digiri 1 ba a ganinsa a gindin na'ura, sai an yi nisa. A tsawon mita 100 zai kauce da kai kusan mita 1 da santimita 75. A kilomita guda ya haura mita 17, ka faɗa gonar wani ke nan, sai gaban alƙali. Yaran da na koya wa wannan magana suna da yawa. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa wata rana a jikina za a sake karanta mini ita.

Ciwon gwiwa ya fara mini ina gab da shekara 60. Da farko sai na tashi daga zama nake ji, daga baya ya zama abokin kwana da tashi. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye ta ɓangaren ciki, ƙashi na gugar ƙashi, ƙafafuna suka buɗe kamar baka, ta dama ta fi. Babu man zafin da ban shafa ba, na sha ƙwayoyi har cikina ya fara ƙorafi, an yi mini allura a cikin gwiwar sau biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla. Masallacinmu taku kaɗan ne daga ƙofar gida, amma sai da ta kai ina tsayawa a hanya in dafa bango, in kuwa na yi sujada sai an kama ni nake miƙewa.

Da aka ce sai an sauya gwiwar, na ɗauka za a yanke ta ne gaba ɗaya a sa ta roba. Ashe abin da ake yi shi ne a fere bakin ƙashin cinya da bakin ƙashin ƙwauri, kaurin da bai fi santimita guda ba a kowanne, a lulluɓe su da ƙarfe, a sa wata roba mai tauri a tsakani ta tsaya a madadin guringuntsi, sannan a manne ƙarfen da wani siminti na musamman. Aikin kafinta da magini ne a jikin mutum, da zarto da guduma da ma'auni.

Wani abokina ya haɗa ni da dillalin da ke kai marasa lafiya ƙasar waje. Na haɗa kuɗin sallamata, na sayar da fili guda, muka tafi ni da babban ɗana. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan Kano tun 1959, amma ko leƙawa ban yi ba don in ji shawara, saboda a lokacin na riga na sa a raina cewa duk abin da aka hau jirgi aka je aka yi ya fi kyau. Ina tuna tambayoyin da na yi a can sarai: wane kamfani ne ya ƙera ƙarfen, a wace ƙasa, shekara nawa zai yi. Ko sau ɗaya ban tambayi yadda za a daidaita shi ba. An ɗauki hoton gwiwar, ɗan gajere, daga tsakiyar ƙwauri zuwa ɗan sama da ƙoƙon gwiwa. Ganawata da likitan ba ta kai minti 15 ba.

Akwai abin da ba a tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ina ɗan shekara 26 na faɗi da babur a hanyar dawowa daga aikin daji, ƙashin cinyata ta dama ya karye. Mai ɗori ne ya ɗora ni, na yi wata uku a kwance, na tashi na ci gaba da harkata, na yi shekaru sama da 30 ina taka daji da ita. Na manta da karayar kamar yadda mutum ke manta tabon ƙuruciya. Gwiwa ce ke ciwo, me ya kawo maganar cinya?

Shekarar farko bayan aikin na gode Allah, zafin nan na ƙashi kan ƙashi ya tafi. Uwargidana ce ta fara lura. Wata rana ina tafe tana bayana, sai ta ce, "Alhaji, ƙafar nan fa har yanzu a karkace take." Na ce mata kumburi ne, zai saɓe. Ta ɗauko takalmina ta nuna mini dunduniyar ta dama, ta cinye ta gefen waje, ta hagu kuwa da sauranta. A shekara ta uku wani sabon ciwo ya zo, ta cikin gwiwar, mai suka idan na tashi zan ɗaga ƙafa takun farko. Ta riƙa kumbura da yamma. A shekara ta huɗu na koma kan sanda. Masu zuwa gaishe ni suna cewa haka gwiwar ƙarfe take, sai haƙuri, ni ma na kusa yarda. Na daina zuwa jam'in asuba, wannan kuwa ya taɓa ni fiye da yadda zan iya faɗa.

'Yata ta biyu ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta tsaya kai da fata sai na ga wani likitan ƙashi a nan gida, wanda ta san aikinsa. Na je ba da son raina ba. Mutumin bai ko buɗe takardun da na zo da su ba tukuna, sai ya ce in naɗe wando in yi tafiya a barandar asibitin, ya tsaya a baya yana kallo. Na je na dawo sau uku. Sannan ya kwantar da ni, ya bi cinyar da hannu a hankali, ya tsaya a wani wuri ya danna.

"Baba, kun taɓa karyewa a nan?"

Na ce, "Likita, an fi shekara 35."

"Kun faɗa musu a can?"

Na yi shiru. Ya ce ba komai, ya tura ni a ɗauki hoton ƙafar gaba ɗaya, ina tsaye nauyina a kanta, tun daga ƙugu har idon sawu. Ban taɓa ganin hoton ƙashi mai tsawon haka ba. Ya ɗora shi a allon haske, ya ɗauko rula doguwa, ya sa ɗigo a tsakiyar kan ƙashin cinya inda ya shiga ƙugu, ya sa wani a tsakiyar idon sawu, ya ja layi ya haɗa su. Kafin ya buɗe baki na riga na gani, domin aikina ne. Layin ya kamata ya ratsa tsakiyar gwiwa. Nawa ya bi ta can gefen ciki, kusan ya fita daga kan ƙarfen. Ya auna kusurwar, digiri 7.

Ya ce mini wannan layin shi ne hanyar da nauyin mutum ke bi ya sauka ƙasa. Idan ana tafiya, abin da gwiwa ke ɗauka a kowane taku ya ninka nauyin jiki sau biyu zuwa uku. In layin na tsakiya, ɓangarorin biyu suna raba kayan. In ya kauce, gefe ɗaya ne ke sha, robar ta cinye ta nan, ƙashin da ke ƙarƙashin ƙarfen ya fara lotsawa, simintin ya saki. Ya nuna mini wani siririn baƙin layi a ƙarƙashin farantin ƙarfen na ƙwauri, ya ce nan ne ya saki, shi ne sukar da nake ji a takun farko. Ƙa'idar da likitocin ƙashi suka daɗe a kanta, in ji shi, ita ce kada a wuce digiri 3 ta kowane gefe. Tun 1991 wasu likitoci a Ingila suka bi diddigin gwiwoyi 115 na kimanin shekara 8: waɗanda layin ya ratsa tsakiyarsu, kashi 3 cikin 100 ne suka saki, waɗanda ya kauce kuwa kashi 24.

Na tambaye shi yadda aka yi aka kauce haka. A nan ne na ga inda cinyata ta shigo. Ƙashin cinya ba a miƙe yake saukowa ba, daga ƙugu yana gangarowa ne a ɗan jirkice, tsakaninsa da layin nauyi akwai kimanin digiri 5 zuwa 7 a yawancin mutane. A hanyar da aka saba, ana huda bakin ƙashin a zura doguwar sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo, a ɗauka cewa ta bi tsakiyar ƙashin, sai a ɗaura ma'aunin yanka a jikinta a kan wannan kusurwa. Ga mai miƙaƙƙen ƙashi lissafin yana fita. Nawa ƙashin ya haɗe da ɗan lanƙwasa a inda ya karye, can sama da inda gajeren hoton ya tsaya. Sandar ta shiga ta bi abin da ta tarar, yankan ya bi sandar. Wajen digiri 5 daga cinya, wajen 2 daga yankan ƙwauri, suka taru ta gefe ɗaya. A safiyo muna cewa idan layin tushe ya karkace, duk turken da ka kafa bayansa, komai kyawun awonka, a gonar wani yake.

Abin da ya girgiza ni shi ne ƙanƙantar wurin da ake wannan kuskure. Faɗin saman ƙashin ƙwauri bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba. Na yi lissafi a bayan takardar magani: digiri 1 a wannan faɗi milimita 1 ne da ɗan ɗoriya, kusan kaurin bakin zarton da ake yankan da shi. Digiri 3 kimanin milimita 4. Wato tsakanin gwiwar da za ta kai mutum shekara 20 da wadda za ta mayar da shi kan sanda, tazarar ba ta kai kaurin fensir ba. Zarto na iya lanƙwashewa idan ya tarar da ƙashi mai tauri, ma'auni na iya motsawa kaɗan idan ana buga ƙusoshinsa, simintin ma yana iya fin kauri ta gefe ɗaya. Kowanne ɗan kaɗan ne, taruwarsu ce matsalar.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanaki ina juya maganar fili da kuɗin sallama, da shekara huɗun da na yi ina zargin jikina. Hoto guda ne aka tsallake, wanda kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a masaukin da muka zauna ba. Amma ni ma akwai nawa kason, domin na riƙe labarin karayar a bakina, kuma na tafi wurin aikin awo ban yi tambayar awo ba.

Kafin a sake taɓa gwiwar sai da aka ɗebi jini, aka zuƙi ruwan cikinta aka kai gwaji, don a tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta sa ƙarfen ya saki ba. In da ita ce, da maganin ya sha bamban gaba ɗaya. Allah ya taimaka babu. Sai neman kuɗi, wanda ya ɗauke mu watanni, 'ya'ya da ƙannena suka haɗa hannu. A watannin nan ne na zama ɗalibi. 'Yata tana kawo mini abin karantawa, ni kuma duk ranar ganin likita ina zuwa da tambayoyi a rubuce.

Na gano cewa gwiwar ƙarfe irin ta yau ta samo asali ne daga aikin John Insall da abokansa a birnin New York a 1974, kuma shi ne ya kafa koyarwar a yanka ƙasusuwan daidai da layin nauyi. Na gano cewa a 1997 aka fara aikin da taimakon kwamfuta a garin Grenoble na Faransa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin safiyo ne tsantsa: a kafa alamomi a jikin ƙashin cinya da na ƙwauri, kyamara na hango su, a juya ƙafar har kwamfuta ta gano tsakiyar ƙugu, daga nan duk yankan da za a yi ana ganin kusurwarsa a allo kafin zarto ya taɓa ƙashi. Ba a buƙatar zura sanda a ɓargo, saboda haka lanƙwasar cinya irin tawa ba ta yaudararta. Wani nazari na 2007 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa da kwamfuta kashi 9 cikin 100 ne ke wuce digiri 3, da hannu kuwa kusan kashi 32. Bayan nan aka zo da na'urori masu hannu da ke riƙe zarton ko ma'aunin yanka da kansu, irin su Mako na kamfanin Stryker da ROSA na Zimmer Biomet.

Na je wa likita da ɗokina, na ce to ai magana ta ƙare, a nemo inda ake da na'ura. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ku zauna, akwai sauran karatu." Ya gaya mini cewa a 2010 asibitin Mayo na Amurka ya duba gwiwoyi 398 bayan shekara 15, bai ga waɗanda ke cikin digiri 3 sun fi sauran daɗewa ba. A 2012 kuma wani likita a Beljiyam, Johan Bellemans, ya auna ƙafafun matasa 250 masu lafiya, ya tarar kashi 32 cikin 100 na maza da kashi 17 na mata da ɗan buɗewar ƙafa ta digiri 3 ko fiye aka halicce su. Shi ya sa wasu likitoci, a gabansu Stephen Howell na Kalifoniya, suke ganin a mayar wa kowa da irin gwiwarsa ta asali, kada a tilasta wa kowace ƙafa layi ɗaya. Muhawarar tana nan har yau. Kuma duk da ci gaban nan, kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka sauya wa gwiwa ba sa samun gamsuwar da suka sa rai.

Na daɗe ina tauna wannan. Inda na tsaya shi ne: masana na iya saɓani a kan inda ya kamata a kafa turke, amma babu ɗayansu da ya ce a kafa shi a inda ba a nufa ba. Wanda ya bar digiri 2 da gangan, bayan ya auna ƙafar ya ga haka halittarta take, daban yake da wanda ya nufi sifili ya ƙare a 7 bai sani ba. Na'ura tana da amfani, musamman ga mai karkataccen ƙashi, kuma ina fatan ta yawaita a asibitocinmu. Sai dai na yi aiki da tsohuwar na'urar awo na kuma yi da ta zamani mai amfani da tauraron ɗan adam, na ga wanda ya ɓata fili da sabuwar, na ga wanda ya fitar da shi daidai da tsohuwar.

Likitan nan da hannu ya yi mini aikin gyaran. Mako guda kafin ranar ya kira ni ya nuna mini zanen da ya yi a kan dogon hoton: kusurwar cinyata ta gaskiya, inda lanƙwasar take, tsawon sandar da za ta tsaya kafin ta kai wurin. Aikin gyara ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Sai an ɓamɓare tsohon ƙarfe ba tare da an tafi da ƙashi mai yawa ba, a cike inda ya lotsa da ƙarin ƙarfe, a sa mai ƙafa da ke shiga cikin ƙashin don ya samu madogara. 'Yata ta ce bayan kowane yanka yakan ɗora doguwar sanda daga waje, ya duba ta nufi tsakiyar ƙugu ta sama da tsakiyar idon sawu ta ƙasa, kafin ya wuce gaba. Ya kuma kula da juyin ƙarfen, abin da hoton gaba ba ya nunawa: idan na cinya ya ɗan murɗa ciki, ƙoƙon gwiwa ba zai bi hanyarsa ba, mutum ya yi ta fama da ciwon gaba wajen hawa matakala. Sannan jijiyoyin gefe biyu, sai sun ɗaure daidai a miƙe da kuma a lanƙwashe.

Gashin ƙashi ya ba ni wuya, na zubar da hawaye a hannun yaron da ke lanƙwasa mini ƙafar, sa'an jikana ne amma bai taɓa sassauta mini ba, Allah ya yi masa albarka. Yakan ce, "Baba, saura kaɗan," alhali da saura da yawa. A hankali gwiwar ta kai digiri 115. Wannan ya isa tafiya da hawa matakala da tashi daga kujera. Bai isa zaman tahiya ba, wanda ke neman gwiwa ta naɗe kusan gaba ɗaya, kuma likita ya faɗa mini haka tun kafin aiki, bai yi mini alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Na tambayi limaminmu, ya ce in tsaya inda zan iya tsayawa, in zauna a kujera inda ba zan iya ba. Akwai farar kujera ta roba a ƙarshen sahun farko, tawa ce, kuma da ƙafata nake zuwa wurinta asuba da isha, ba sanda.

Bayan shekara biyu aka yi ta hagu, a wurin mutumin nan dai. Wannan karon ni na fara magana: na lissafa masa duk faɗuwar da na taɓa yi tun ina yaro, na nemi a ɗauki dogon hoto, na tambayi digirin da ya nufa da dalilinsa. Ya ce ta hagun da ɗan buɗewarta aka halicce ta, zai bar mata kaɗan daga ciki, ba zai wuce 2 ba.

A aikinmu ba a cewa an gama sai an rufe awo, wato an zagayo an dawo turken da aka fara, an ga ko lissafi ya haɗu. Wata uku bayan aikin hagu na roƙi a sake ɗaukar ƙafafun biyu ina tsaye. Likita ya ɗora hoton a allo, ya miƙo mini rular da fensir, ya ce, "Baba, ku ja da kanku." Hannuna na ɗan rawa na sa ɗigo a ƙugu, na sa a idon sawu, na ja. Ta dama digiri 1. Ta hagu digiri 2. Uwargida na zaune a gefe, ta ce a juyo mata da allon ita ma ta gani.